Haɓon Kare da Rantsuwar Idrisa

Jiratawa, 7 ga Nuwamba, 1994

Zuwa ga taubashiyata Zuliha, likitar awakin gwamnati a Yamai.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya. Mu nan lafiya lau. Matata Ramatu tana gaishe ki, da yara duka. Ruwan bana kin ji labarinsa, har yanzu ƙasan fadama ba ta bushe ba, kwaɗi sun cika ko'ina. Gero ya yi, mun shiga dashen albasa. Ranar kasuwa na biya Sabon Gari na ga innarki, ƙafar ta yi sauƙi. Ta ce ta gaji da jiran suruki. Na ce mata ta ƙara haƙuri, mace mai warin dabbobi ba mai kwasarta sai ni, ni kuwa an riga ki.

Kada ki yi wa rubutuna dariya. Ajin manya na koferatif ɗin manoma ne ya koya mini, ba lakwal ta boko irin taku ba.

Karena ne ba lafiya, wanda ke tsare mini lambu daga awaki. Shekaranjiya da safe na tarar jini na ɗiga daga hancinsa, na ce haɓo ne na zafi. Jiya ƙaya ta ɗan yage shi a kunne, yagar da ba ta kai faɗin farce ba, amma jinin ya wuni yana zuba. Na sa toka, na ɗaure da tsumma, bai tsaya ba sai la'asar. Farin idonsa na dama ya yi ja wur. Dama tun girbin gero ya zama rago, ko akuya ya kora sai ya tsaya yana haki kamar tsoho, ni kuwa na ɗauka ƙoshi ne.

Ina zargin mutum, kuma kin san shi. Idrisa ne, wan Ramatu, wanda lambunsa ke manne da nawa. Da ni da shi jam'iyyarmu ɗaya, tabarmarmu ɗaya. Bara ya sauya sheƙa, mutanensa suka ɗora shi kan rabon ruwan kanal, magudanar da ke shayar da lambunanmu, tun daga nan lambuna ne na ƙarshen sha. Kin san ba a tsayawa a gaya wa wan mata magana ido da ido. Sai na yi abin da kakanninmu ke yi, na sami ɗan kwikwiyo na sa masa suna Munagani, shi ne karen nan. Duk sa'ad da Idrisa ya zo buɗe ruwa, sai in tsaya bakin iyaka in ƙwala wa kare kira. Ya san da wa nake. Wata rana ma ya ce mini, "Gado, kiran ga naka zai ƙare." Satin da ya wuce kuma an gan shi a kasuwar Maraɗi yana sayen maganin ɓera.

Maman Lawali direba ne zai kawo miki wannan, kuma ba zai daɗe a can ba. Ki ba shi amsa ko layi biyu ne. Tambayata ɗaya ce: me ke sa jinin kare ya ƙi tsayawa?

Taubashinki,
Gado

*

Yamai, 9 ga Nuwamba, 1994

Gado, sarkin rigima,

Lafiyata lau, a gaida Ramatu da yara. A tsaye nake rubutun nan bisa bayan mota, direbanka sai hon yake mini.

Jinin da ya ƙi tsayawa, da haɓo, da jan ido, alamu ne da aka fi gani ga karen da ya ci maganin ɓera, ko ya ci ɓeran da maganin ya kashe. Ka kai shi wurin likitan dabbobi a Maraɗi yau yau, ka ce a yi masa allurar da ke sa jini ya daskare. Ka ɗaure shi a inuwa, kada ya yi gudu. Zan rubuto maka doguwa idan na zauna.

Ka ga aikin mai warin dabbobi ya yi rana.

Zuliha

*

Yamai, 13 ga Nuwamba, 1994

Taubashina Gado,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya, da fatan kuma karen ya sami allura. Mu nan muna nan, aiki rabi da rabi. Yau a ce yajin aiki, gobe a ce an janye, kowa kunnensa na rediyo yana jiran ranar zaɓen 'yan majalisa. Ni dai ina zuwa labo, ɗakin gwaje-gwajenmu, don gidan haya ya fi labo zafi.

Na sake karanta takardarka a natse, kuma raina bai kwanta da amsar da na ba ka ba. Na yi gaggawa. Akwai layi ɗaya da ka jefa kamar ba komai, na tsallake shi a tasha: ka ce tun girbin gero yake haki. Maganin ɓera ba ya tafiya haka. Kare yana cikin ƙoshin lafiya, ya ci, cikin 'yan kwanaki jini ya ɓalle, sai ya mutu ko ya tashi. Ba ya yin wata biyu yana sallama.

Akwai wata cuta da aka koya mana, ta tsutsar huhu. Tsutsa ce siririya kamar zare, tana zama a jijiyoyin jini tsakanin zuciya da huhun kare. Ba daga kare zuwa kare take tsallakawa kai tsaye ba. Ƙananan 'ya'yanta suna fita a kashin kare, dodon koɗi ya ci, wani karen kuma ya ci dodon koɗin, ko ya ci kwaɗon da ya haɗiye shi. Ka ce fadamarku ba ta bushe ba bana, kuma karenka yaro ne, su ne ba sa barin komai ya wuce bakinsu. Farkonta tari ne da saurin gajiya, har mai kare ya ce lalaci ne. Daga baya takan ɓata jini ya ƙi daskarewa, ta yi kama da guba sak. Ba ta kama mutum, kada Ramatu ta tsorata saboda yara.

Ban taɓa ganinta da idona a ƙasar nan ba, a littafi na san ta, don haka ban ce ita ce ba. Kai ne idona. Ka tuna mini, yana tari? Tun yaushe, kuma busasshe ne ko yana kakaro wani abu? Idan yana kwance bai yi gudun komai ba, cikinsa na hawa da sauka da sauri? Ka shafa haƙarƙarinsa ka ji ko ya rame alhali yana samun abinci. Ka ɗaga leɓensa ka dubi dasashi, ja ne ko ya yi fari fat. Ya taɓa tangaɗi, ko ya faɗi yana shure-shure? Sannan ka bi shi da ido bakin kanal da sassafe, ka ga abin da yake tauna. Ka tambayi Ramatu, ita ke ba shi ƙanzo, ta fi ka saninsa.

Abu na ƙarshe ba za ka so shi ba. Ina son kashinsa na kwana uku a jere, kaɗan kaɗan, a gwangwani mai murfi. Ka ɗebe da kara, ka wanke hannu yadda malamai suka ce, ba za ka mutu ba. Da madubin labo mai ƙara girman abu zan gani in akwai 'ya'yan tsutsar.

Kafin nan, don Allah kada ka ambaci sunan Idrisa ga kowa. Ko da gubar ce, kare na iya tsinto mataccen ɓera a ko'ina, ba sai an ba shi ba. Sayen maganin ɓera bayan girbi kuwa, ka faɗa mini wanda bai saya ba a garinku.

Zan kai wa Maman Lawali wannan da kaina.

Taka,
Zuliha

*

Jiratawa, 24 ga Nuwamba, 1994

Zuwa ga Zuliha,

Gaisuwa da fatan alheri. Yara lafiya. Na ji shiru ba doguwar takardar da kika ce, Maman Lawali ma ban gan shi ba, sai na ba wani mai kai barkono Yamai wannan. Na gode da 'yar gajeruwar, ta yi mini aiki.

Na kai karen Maraɗi a kabu-kabu, ni da shi da buhu, mai mashin yana ta tsine mana. Biron likitan dabbobin a rufe saboda yajin aiki, amma na sami ma'aikacin a gidansa, ya yi allurar. Jinin ya lafa kwana huɗu, ya dawo. Yana nan dai, bai mutu ba, bai tashi ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko, na tsayar da dattawan unguwarmu a ƙofar liman, na kira Idrisa. Ni da bakina na karanta musu takardarki, na ce ga shaidar likita daga Yamai, maganin ɓera ne. Liman ya ce, "Haba Gado, a tara dattawa saboda kare?" Na ce ba kare ba ne, Malam, wanda ya aje guba bakin kanal yau, gobe akuyar wani ce, jibi ɗan wani.

Idrisa ya ce, "Ni ban ba karenka komi ba. Maganin na rumbuna ne. Ka janye maganag ga mu tashi."

Na ce ban janyewa.

Sai ya ce, "To a kawo Littahi."

Dattawa sun yi ta ba da baki, amma shi ya ce ba zai kwana da sunan mai sa guba ba, ni kuma na ƙi sauka. Ya yi alwala, ya dafa Alƙur'ani, ya rantse in shi ya ba karen wani abu kada Allah ya nuna masa ƙarshen albasar bana. Kin san mutanenmu, daga ranar kowa ya sa ido ya ga ko rantsuwar za ta kama shi.

Ramatu ta tafi. Tun da safiyar ranar ta ce mini, "In ka sa ɗan'uwana ya dafa Littahi, ba ka iske ni ɗaki." Na ɗauka maganar mata ce. Na dawo na tarar ta goya ƙaramin ta tafi Tibiri wurin uwarta, ta bar mini manyan uku da tukunya a wanke. Ban bi ta ba tukuna. Idan gaskiya ta fito, da kanta za ta dawo.

Ki ci gaba da yi mana addu'a.

Gado

*

Yamai, 28 ga Nuwamba, 1994

Gado,

Ina fata kana lafiya. Ni dai tun da na karanta takardarka raina a ɓace yake.

Takardata ta ranar goma sha uku ba ta iso ba ke nan? Na je tasha, aka ce motar Maman Lawali ta lalace a Ƙonni, yana can yana jiran ƙarfe daga Najeriya. Takardar na cikin motar.

Me ka aikata, Gado? Layi huɗu na rubuta maka a bayan mota don ka ceci kare, ban ga karen ba, ban taɓa shi ba. Na ce alamun sun yi kama da maganin ɓera. Ban ce an ba shi ba, ban ce wane ne ba. Ka ɗauki sunana ka kai ƙofar liman ka sa mutum ya dafa Alƙur'ani. Ina jin haushinka, amma na fi jin haushin kaina, don na san halinka tun muna yara, na kuma ga sunan Idrisa a takardarka, da na ja maka kunne tun a tasha.

Sati uku ke nan, kai da kanka kuma ka ce bai mutu ba bai tashi ba. Guba ba ta yin haka. Idan doguwar ta iso ka karanta ta sau biyu, ka yi abin da na ce, ka aiko mini da gwangwanin.

Zuliha

*

Jiratawa, 6 ga Disamba, 1994

Taubashiyata,

Ina gaishe ki. Jikina lafiya, yara lafiya, sai dai sun gaji da tuwona. Babbar ta ce ko karen ba ya gama cinye shi.

Takardunki biyu rana ɗaya suka iso, doguwar duk ta yi baƙin mai. Na karanta sau biyu kamar yadda kika ce, na ƙara na uku don kaina. Ga amsarki.

Yana tari. Busasshe ne, kamar ƙashi ya maƙale masa, wani lokaci ya kakaro kumfa. Tun yaushe kuwa, a nan ne kunyar take. Ramatu ta gaya mini tun kafin a yanke gero. Ta ce karen nan yana tari in ya taso daga lambu, na ce ƙaiƙayi ne. Ta sake faɗa, na ce ta shiga harkar tukunyarta. Ko ranar Juma'ar nan da safe ta tuna mini, na ce tana kare ɗan'uwanta ne. Haƙarƙarinsa ana ƙirgawa da ido. Dasashinsa fari ne kamar tsumman da aka wanke. A kwance ma cikinsa na bugawa. Bai taɓa faɗuwa ba, amma ƙafafun bayansa sun fara kaɗuwa. Na sake shi da sassafe na bi shi, ya nufi gindin bangon kanal inda ruwa ke yoyo, ya tura hanci cikin ciyawa. Na ji ƙurus ƙurus. Dodon koɗi ne, wurin cike yake da su, na tabbata ya daɗe yana wannan kalaci.

Gwangwanin na hannun Maman Lawali. Na naɗe shi da leda uku na ce masa daddawa ce, kada ya buɗe. In ya buɗe, shi ya jiyo.

Yanzu ga abin da ya sa na daɗe riƙe da alƙalami. Idrisa ba shi da lafiya. Kwana tara bayan rantsuwar zazzaɓi ya kayar da shi, yana rawar ɗari, har ya kasa fita rabon ruwa. Gari ya ɗauka. Kowa cewa yake ta kama shi. Mutanen da suka yi mini dariya kan kare yanzu su ke fara gaishe ni. 'Yan jam'iyyarmu sun zo har lambu suna cewa Allah ya nuna wa jama'a irin mutanen wancan gefen, ga zaɓe na zuwa. An ce matar Idrisa ta kai ƙosai bakin hanya ta dawo da shi ba wanda ya saya. Wanda aka sa rabon ruwa a madadinsa, ni yake fara buɗe wa.

Ba zan ɓoye miki ba, abin ya yi mini daɗi. Shekara guda ina ƙarshen layi. Doguwar takardarki na cikin akwatina ƙarƙashin rigar salla, ba wanda ya san da ita sai ni da ke. Nakan ce wa kaina, ai Zuliha ma ta ce ba ta tabbatar ba. Watakila ki duba ki tarar ba komai. Har na kama kaina ina roƙon haka, sai na ji tsoron kaina.

Ki duba da kyau, ki gaya mini abin da kika gani.

Gado

*

Yamai, 11 ga Disamba, 1994

Gado,

Ina fata kana lafiya, Allah ya ba Idrisa sauƙi. Daddawarka ta iso, direban bai buɗe ba, amma ya ce in gaya maka wadda ta yi ta ba ta iya ba.

Na jiƙa ta a ruwa ta kwana, da safe na ɗiga a gilashi na sa a madubi. Suna nan, Gado. Ƙanana, suna lanƙwasa jela suna motsi, da yawa. Na kira babbanmu, dattijo ne da ya daɗe a aikin, ya duba ya ce 'ya'yan tsutsar huhu ne, ya sa aka adana gilashin don a nuna wa ɗalibai. Ba wanda ya ba karenka guba.

Ga magani nan a ƙunshi, da takardar yadda ake ba da shi. Ka kai wa ma'aikacin Maraɗi ya auna karen ya tsara maka, kada ka yi na kanka. Kullum ne, kusan sati uku, ko ya ga sauƙi kada ka tsaya. Ka ɗaure shi nesa da kanal, ka riƙa binne kashinsa. Kwanakin farko na iya yi masa wuya. Ban yi maka alkawarin zai rayu ba, an makara, amma akwai fata.

Zazzaɓin Idrisa kuwa, shekara ce ta ruwa da sauro, rabin Yamai ma a kwance suke, kuma ba su dafa komai ba. A kai shi likita a yi masa gwaji.

Na gode da ka faɗa mini abin da ke ranka. Da ka so da ka yi shiru. Amma ka sani, da takardata aka tsayar da bawan Allah nan gaban jama'a. Na haɗo da wata, gajeruwa, da sa hannuna da na babbanmu, tana cewa abin da muka gani. A inda ka karanta ta farko, a nan za ka karanta wannan, ranar Juma'a, da bakinka. In ba ka yi ba, zan hau mota in zo in nemi liman ya karanta. Ba wasan taubasai nake maka ba. Amma na fi so ya zama kai, don kai ne za ka zauna a garin, kuma kai ne Ramatu za ta ji labarinsa a Tibiri.

Taka,
Zuliha

*

Jiratawa, 2 ga Janairu, 1995

Zuwa ga Zuliha,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kin shiga sabuwar shekarar nasara lafiya. Innarki lafiya, yara lafiya. Ki yafe mini jinkiri, ban so in rubuto ba sai ina da abin faɗa.

Karen na samun sauƙi. Kwana ukun farko na ɗauka tafiya zai yi, ko kai ba ya ɗagawa. Yanzu haɓon ya tsaya, dasashin ya fara ja, tarin ya ragu. Jiya har ya yi wa akuya haushi daga inda yake ɗaure.

Juma'ar farko ban yi ba. Na sa takardar a aljihu, na je, aka sallame, na ga jama'a, ƙafata ta kawo ni gida. Ta biyu na yi. Na tsaya a ƙofar liman na ce ina da magana, na karanta. Na ce tsutsa ce daga dodon koɗi, ba guba ba ce, Idrisa bai yi komai ba, matata ta gaya mini tun kafin girbi na ƙi ji, ni na yi masa ƙazafi. Wasu sun yi dariya. Wani cikin 'yan jam'iyyarmu ya ce an saye ni. Akwai waɗanda har yau cewa suke rufa wa suruki asiri nake don matata ta dawo, kuma rantsuwa dai ta kama shi. Na lura mutanen da suka ji ta farko sun fi waɗanda suka tsaya jin ta biyu yawa. Liman ya ce mini, "Ka je gidansa."

Na je. An kai shi likita a Maraɗi, zazzaɓin sauro ne, ya tashi amma ya rame, yana zaune a zaure cikin bargo. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa. Na ce na zo neman gafara kan maganar kare da na ɗora masa.

Ya ce, "Wannan na yahe. Kare naka ne, ka ga jini, hankalinka ya tashi. Ko ni ne ina iya zargi."

Har na ji sanyi, na fara godiya. Sai ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Tambaya guda gare ni, Gado, kuma ba ni sa ka dafa komi. Sa'ad da na kwanta, mutane na cewa ta kama ni, ɗiyana na kuka a ɗaki, kai a ranka mi ka so? Ka so in tashi, ko ka so ta tabbata?"

Na san in na ce na so ya tashi zai karɓa, mu sha ruwa mu rabu. Amma mutumin nan ya dafa Littafi a gabana a kan gaskiya, ban iya yi masa ƙarya a zaurensa ba. Na ce na so ta tabbata.

Ya gyaɗa kai, kamar dama ya sani. Ya ce, "To wannan ce ba ka roƙa ba tukuna. Ita kuma ba ta yahuwa rana ɗaya."

Bai kore ni ba. Ya sa aka kawo mini ruwa na sha, na tashi.

Na je Tibiri biko sau biyu. Ramatu ta fito ta gaishe ni, ta tambayi yara, ta tambayi ko karen na cin abinci. Ta ce ba ta da wani sharaɗi nata, ranar da wanta ya ce mata ta koma, za ta koma. Na ga ta yi daidai.

Don haka kullum in na gama ban ruwa sai in wanke ƙafa in biya zaurensa. Ina gaishe shi, ya amsa, in zauna bakin ƙofa a ƙasa, ya yi ta jan tasbaharsa, in an kira magariba in tashi. Yau kwana tara ke nan. Bai ce in hau tabarma ba, ni ma ban hau ba. Gobe zan koma.

Taubashinki,
Gado